Ƙarfe Huɗu da Gwangwanin Sukari

Ummin Yara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwanana tara rabona da sukari, kuma abin yana neman fin ƙarfina. Na kawo kukana a baiti, wanda ya taɓa bin hanyar nan ya amsa mini.

Bismillahi da shi na fara,
Kuka ne yau na zo in tsara,
Kwanakina sun kai tara,
Ban ɗanɗana ba, ban ƙara,
Na yi sallama da sukari.

Shayin safe, ukun cokali,
Da rana lemo cikin kwali,
Da dare biskit, ya zamo hali,
Ban taɓa tsayawa neman dalili,
Sai da likita ya ce in bari.

Ya duba takardar gwajin jinina,
Ya ɗago kai ya kalli idona,
Ya ce ciwon da ya kwantar da babana
Yana bakin ƙofa yana jirana,
In ban gyara ba, akwai hatsari.

Da safe da sauƙi, ina daurewa,
Ƙarfe huɗun yamma na isowa,
Kai ya yi nauyi, hannu na rawa,
Sai in ga ƙafa kicin tana zuwa,
Zuciya na ta bugu da sauri.

Jiya na buɗe gwangwanin nan,
Na tsaya ina kallon farin nan,
Ƙamshi babu, amma bakin nan
Ya cika da yawu nan da nan,
Na rufe, na fice sarari.

Ku da kuka riga ni bin hanya,
Ku faɗa mini tsakani da gaskiya,
Yaushe kwaɗayi ke barin zuciya?
Wata guda ne, ko shekara ɗaya?
Ina roƙo a ba ni tsari.

Autan Gida

Yaya, na ji kukanki, na tausaya,
Ni ma da shi na daɗe ina fama.

Rana guda na tattara na fitar,
Alawa, kek, lemo, duk na gama.

Ciwon kai ya yi mini kwana huɗu,
Na biyar na tashi garau, ba gardama.

Ki fid da gwangwanin nan daga gidanki,
Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya kama.

In kuma baki ya matsa da son zaƙi,
Ki maye gurbinsa da cokalin zuma.

Nas Mai Aikin Dare

Ƙanena, rabin maganarka na karɓa,
Fid da gwangwani, wannan ban musa ba,
Amma zuma ba ta tsere wa lissafi ba,
Jini bai san sunan da ka ba ta ba.

Farin sukari abu biyu ne, ka san su,
Gulukos da furuktos, hanji ke raba su,
Zuma ma su ɗin ne, ƙudan ya tara su,
Hanta da jini ɗaya suke karɓar su.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya
Ta fid da ma'auni ga kowa bai ɗaya:
Cikin kuzarin abincin yini gaba ɗaya,
Ƙasa da kashi 10 sukari ya tsaya.

In an iya kashi 5, ta ce ya fi,
Kusan giram 25 ke nan a lissafi,
Ƙaramin cokali 6, ba mai zurfi,
Har da zuma da ruwan 'ya'yan itace a kofi.

Ɗauki gwangwanin kola guda ka duba,
Mililita 330, ba wani babba ba,
Giram 35 ke ciki, ba ka gani ba,
Cokali kusan 9, kuma ba ka ƙoshi ba.

Ɗan itace kuwa, a ci shi da tsokarsa,
Hukumar ba ta ƙirga zaƙin cikinsa,
Zaren da ke ciki ke rage gudunsa,
In an matse a kofi, an cire birkinsa.

Ke kuma Yaya, ƙarfe huɗun nan taki,
Me kika ci da rana? Yaya barcinki?
Ƙarancin barci na hura wutar cikinki,
Sinadarin yunwa ya hau, ya taso miki.

Abincin rana in farar fulawa ce zalla,
Gulukos ya cika jini, insulin ya ɓulla,
Ya kwashe shi da sauri, kasala ta ƙulla,
Gwangwanin nan kuwa shi ido zai kalla.

Ki sa ƙwai, wake ko kifi a faranti,
Da ganye, su riƙe ki, ki gwada na sati,
In kwaɗayin ya zo, ba shi 'yan minti,
Ki sha ruwa, ki taka, kar ki nufi kanti.

Dattijo Mai Sanda

'Yata, ni ciwon ya riga ya shigo,
Shekara 11 muna zaune da shi, ba wasa.

Auta ya kayar da itacensa da sara guda,
Ni na gwada hakan sau uku, na kasa.

Sai na koma wa cokalin da lallashi,
Uku ya zama biyu da rabi, ina yin ƙasa-ƙasa.

Sati biyu a kan kowane mataki,
Harshe bai farga ba ana rage masa.

Wata na uku na kai kofi ba komai,
Sannu-sannu, in ji magabata, kwana nesa.

Yau in jikata ta miƙo mini nata,
Kurɓa guda, zaƙin ya hau kai, in aje shi ƙasa.

Haƙora huɗu na biya kafin in waye,
Kowanne sai da ya hana ni barci kafin cirarsa.

Ƙwayoyin cuta na baki ke cin zaƙin su fid da tsami,
Tsamin ke huda haƙori har jijiyarsa.

Akwai maganar da ba zan sa a baiti ba, don kada daɗin amo ya rufe ta. Duk wanda ke allurar insulin, ko yake shan maganin da ke sauke sukarin jini, kada ya canza cimarsa sai ya zauna da likitansa. Ni ɗin nan da na yaye kaina, ba na fita sai da alawa uku a aljihu. In gumi ya karyo mini ba zafi, hannu ya kama rawa, ido ya fara duhu, to sukarin jinina ya faɗi, kuma a wannan lokacin alawar ce magani. 'Yata, kin ce hannunki na rawa da yamma. Wataƙila yunwa ce kawai, amma ki faɗa wa likitanki ya auna.

Autan Gida

Anti Nas, na karɓi gyara, na gode,
Daga yau cikin shidan nan zan ƙirga zuma.

Amma Baba, ka yi haƙuri da ɗanka,
Ni in na ɗanɗana kaɗan, wutar ke kama.

Wani jikin lallashi yake so, na yarda,
Nawa sai an ja ƙofa an sa sakata an gama.

Tambaya: ƙwayoyin zaƙin nan na zamani,
Da lemon da aka rubuta wa "babu sukari", akwai dama?

Nas Mai Aikin Dare

A 2023 hukumar ta yi magana a kansu,
Ta ce don rage ƙiba kar a dogara da su,
Masu ciwon sukari, shawarar ba ta haɗa da su,
A ganina dai harshe ba ya yayuwa ana ba shi su.

Ka juya kwalin ka karanta bayansa,
Abin da ya fi yawa shi ke farkon jerinsa,
Sukari na sauya riga ya ɓoye kansa,
Dekstros, maltos, sirof, duk sunayensa.

Giram 4 cokali ne, ka raba ka gani,
Yogot mai ɗanɗano, burodi, miyar gwangwani,
Wasu ba sa zaƙi a baki, ba ka sani,
Sai lambar da ke baya ta yi maka bayani.

Goggon Kowa

Kun yi maganar jini da hanta, na ji,
Ni nawa kwaɗayin ba ya zuwa sai dare.

Shekarar da maigidana ya rasu,
Gida ya yi mini faɗi, ɗaki ya yi shiru, na takure.

Yara su yi barci, in kashe fitila,
In jawo ledar alawa, mu kwana tare.

Ina jin ƙarar takardar a cikin duhu,
Ɗaya, biyu, goma, har sai ta ƙare.

Zaƙi na sa ƙwaƙwalwa ta saki dofamin, sinadarin jin daɗi,
Ta haddace hanyar, ta bi ta kamar zare.

Minti biyar na daɗi nake samu,
Kewar kuwa na nan inda take, a ɗaure.

Da safe in tattara takardun in ɓoye,
Kar yara su gani, in fito kamar na daure.

Ranar da na gane wa nake nema a ledar,
Na kira ƙanwata a waya, hawaye na share.

Tun daga nan ƙarfe goma lokacinta ne,
Mu yi ta hira, ledar na can a ware.

'Yata, ki tambayi ƙarfe huɗun nan taki,
Wa ta saba kawo miki, me ta tsare?

Ummin Yara

Da kunya na dawo. Na so in yi shiru, amma ku kuka tsaya mini, ba zan ɓoye muku ba.

Jiya, a kwana na 16, na karye,
An raba kek wurin aiki, na cinye,
Na ƙara na biyu a tsaye na haɗiye,
Na shiga bayi na yi kuka a ɓoye,
Na ce na rushe dukkan shiri.

Da dare baitin Goggo na karanta,
Tambayar ƙarshe na yi ta maimaita,
Wa ƙarfe huɗu ke kawowa? Na fahimta,
Abin da shekara biyu na ƙi in furta
Ya fito fili, ba sauran sirri.

Ƙarfe huɗu nake kai wa Baba shayinsa,
In zuba nawa, in zauna gefen gadonsa,
Nasa baƙi, likita ya hana masa,
Ƙarar cokalina ke sa shi murmushinsa,
Ya ce, "Uwata, ki rage, ki yi haƙuri."

In ce masa gobe, in lallashe shi,
Ƙafar ta ƙi warkewa, aka kwantar da shi,
Ranar Talata da yamma muka rasa shi,
Kofinsa na nan, ban iya taɓa shi,
Yana ajiye har yau a wannan wuri.

Dattijo Mai Sanda

Allah Ya jiƙan mahaifinki, 'yata,
Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Yanka biyu bai goge kwana 15 ba,
Jikinki ya riƙe su, suna cikin littafinsa.

Ni na faɗi sau uku, na gaya miki,
Gobe kwana 18 ne, kar ki mai da lissafi ƙasa.

Rawar hannun fa, kin kai wa likita?
Ina jiran in ji abin da ya fito bakinsa.

Ummin Yara

Amin, Baba. Na gode, Goggo. Yau kwana 33.

Baba, na je, likita ya duba,
Ya ce sukarin jinin bai faɗi ba,
Abincin rana ne bai riƙe ni ba,
Na bi ta Anti Nas, ban ƙara jin rawar ba,
Bayan wata uku in koma a sake nazari.

Auta, gwangwanin ya bar gidana,
Shekaranjiya na ɓare lemun zaƙi da rana,
Zaƙinsa ya cika mini baki, har idona
Ya kawo ruwa, ashe harshena
Ya daɗe a rufe, an yi masa ɗauri.

Kwaɗayin bai mutu ba, yana zuwa,
Amma yanzu na san mai aikowa,
Yau da huɗu na ɗora ruwa,
Kofin Baba na sauko ina wankewa,
A tsanake, ba gaggawa, ba sauri.

Na zuba shayi a cikinsa, baƙi,
Ba cokali, ba ƙara, ba zaƙi,
Na zauna gefen gadon a ɗaki,
Ɗacin ya sauka mini da sauƙi,
Na shanye yadda yake sha, ba sukari.