%2520 ke fitowa a adireshina maimakon %20, me na ɓata?

sabon_hannu: Salam 'yan uwa, don Allah a agaza min, abin nan tun jiya ya hana ni sakat. Ina da akwatin bincike a shafina, in mutum ya rubuta "ƙaramin gida" sai adireshin ya fito q=%25C6%2599aramin%2520gida, saba kuma ta ce wai babu sakamako alhali bayanan suna nan. Da encodeURIComponent na JavaScript (mai mai da haruffa lambobin %) nake fara bi ta kan kalmar sannan in zuba ta a URLSearchParams, mai haɗa ɓangaren q= na adireshin. Yanzu dai na ƙara decodeURIComponent (mai warware lambobin %) a saba yana aiki, amma hankalina bai kwanta ba.

dattijon_kod: Wa alaikumus salam. Ai ka faɗi ciwon da bakinka ɗan uwa. URLSearchParams da kansa yake enkodin, to kai ka riga ka mai da sarari %20, shi kuma da ya zo ya tarar da alamar % sai ya mai da ita %25 don lambarta ke nan, ka ga %2520 ya fito, haka ƙ ɗinka daga %C6%99 ta koma %25C6%2599. Cire encodeURIComponent ka ba shi kalmar ɗanyarta. In ka ga + a wurin sarari kar ka damu, haka yake rubutawa.

yar_saba: Kuma wancan decode ɗin da ka ƙara ka cire shi tare, saba ta riga ta warware sau ɗaya kafin ta miƙo maka. In ka bar shi ranar da wani ya nemi "100%" kuskuren URIError za ka gani, don babu lamba a bayan % ɗin da za a warware. Abin da ya fi damuna ma tsaro ne, mugu zai turo %252e%252e%252f, matacinka mai tace abin da aka turo ya duba bai ga komai ba, kai kuma ka warware masa ya zama ../ (alamar haurawa zuwa folda ta sama) da hannunka. RFC 3986, takardar ƙa'idar adireshin intanet, ma ta hana a yi enkodin ko a warware abu ɗaya sau biyu.

sabon_hannu: Allah ya saka, binciken ya gyaru! Saura tsofaffin link da nake juyawa zuwa sabon adireshi a fayil ɗin saitin saba na .htaccess, su har yanzu %25 na liƙe.

dattijon_kod: Apache, manhajar sabarka, ne wannan. In ka ciro abu daga QUERY_STRING (abin da ke bayan ? a adireshi) ka sa a sabon adireshi yana sake enkodin ɗinsa, ƙara NE (wato kar ya sake enkodin) a tutocin RewriteRule ɗinka, kamar [R=301,L,NE]. Ka gwada da umarnin curl -I a tamina ka duba layin Location mai nuna sabon adireshin, don burawza na riƙe tsohon 301 (umarnin juyawa na dindindin) sai ka ɗauka gyaran bai ci ba.