Farin abu kamar kanwa ya fito a saman ƙasar shukokina

Maman Ilham, Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan fili a bayan gida inda na shuka zogale, lalle, na'a-na'a, ɗoɗɗoya da citta, wasu a ƙasa, wasu a buhunan siminti da tsofaffin bokitai. Da damina lafiya lau. Hunturu na shigowa sai wani farin abu ya fara fitowa a saman ƙasar kamar an barbaɗa kanwa, har bakin bokitan ya yi fari. Na ɗanɗana, na ji gishiri-gishiri. Bakin ganyen na'a-na'a duk ya ƙone, citta kuwa ta kwanta. Ruwa wajen 'yan ga-ruwa muke saye, shi ya sa da na wanki nake yi musu ban ruwa, ina kuma zuba takin zamani duk mako biyu. Ƙasar Kubwa ce mai gishiri, ko yaya?

Baba Mai Lambu, Gwagwalada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki bar ƙasar Kubwa, ba ta da laifi. Ruwan saman da muke samu a Abuja ya isa ya wanke gishirin ƙasa duk shekara. Naki daga ruwan wanki yake, garin sabulu cike yake da gishiri, ga takin zamani shi ma gishiri ne in ya yi yawa. Rana ta shanye ruwan, shi kuma ya zauna a sama. In ya taru sai saiwa ta kasa jan ruwa, ki ga ƙasa a jiƙe amma shuka na ƙishi.

Ki kankare farin ki zubar. Ki huda gindin bokitan da ƙusa mai zafi, ki yi ta zuba ruwa mai kyau har ya riƙa tsiyaya ta ƙasa. Ki dakatar da takin, ki koma ruɓaɓɓen kashin shanu, sannan ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa. Kada ki zuba toka yanzu, ƙara dagula lamarin za ta yi. Citta kuma kada ki yi mata kuka, dama haka take bushewa da rani. Tona ki gani.

Inna Mai Magani, Mararaba:
Gaskiyar Baba ce. Ni na zauna a Keana ta jihar Nasarawa, inda mata ke dafa gishiri daga ƙasa, na san ƙasar gishiri ta ainihi, ƙasarki ba ita ba ce. Amma ki san halin kowace shuka. Bagaruwa, magarya, aduwa, dabino da darbejiya suna da juriya. Lalle da zogale ma ba laifi in sun yi ƙarfi, sai dai suna ƙanana ba sa so. Na'a-na'a kam 'yar gata ce, ki canja mata ƙasa gaba ɗaya, ki ware mata ruwan alwala.

Abban Sadik, Lugbe:
Hajiya, ba lallai wanki kaɗai ba ne. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na barin farin nan, duba cikin butar shayinki. Masu fiya wata suna da ɗan abin auna gishirin ruwa, ki kai musu kofi ɗaya su gwada miki.

Maman Ilham, Kubwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na tona cittar, tana nan da ranta! To in cire ta ne, ko in bar ta har damina?