Farin abu kamar auduga a bakin kifayen ado: fumfuna ce ko wata cuta?

Sabon Mai Kiwo:
Assalamu alaikum. Ina kiwon kifayen ado irin gupi da moli a akwatin gilashi mai cin lita 60. Makon jiya na sayo guda huɗu na zuba su kai tsaye cikin na gida, bayan kwana uku sai wani farin abu kamar auduga ya fito wa biyu a baki, wutsiyoyinsu kuma suka fara zaizayewa. Yau da asuba na tarar ɗaya ya mutu. An ce in ƙara wa ruwan ɗumi in zuba maganin fumfuna, shin hakan daidai ne?

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka ɗumama ruwan. Abin da ka kwatanta ya fi kama da cutar kolumnaris, wadda bakteriyar Flavobacterium columnare ke haddasawa, kuma zafi ne ke ƙara mata ƙarfi, har takan kashe kifi cikin kwana ɗaya ko biyu idan ta kai wurin numfashinsa. Fumfuna takan fito da dogayen zare a kan tsohon rauni, kolumnaris kuwa shafe take kamar an goga alli. Ka ware marasa lafiyan a wani mazubi mai famfon iska, ka riƙe ruwan kusa da digiri 24 na ma'aunin Celsius, sannan ka nemi likitan dabbobi ya zaɓa maka maganin bakteriya. Kada ka zuba maganin a babban akwatin, domin zai iya kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a soson tace ruwa.

Maman Yara:
Ni kuma ruwan nake zargi, domin kifin da ruwa bai galabaitar da shi ba ba kasafai cutar ke kayar da shi ba. Ka auna amoniya da naitirait, wato gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, dukansu su zama sifili, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda aka cire wa kulorin. Sabon kifi kuwa sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a keɓe. Idan akwai yanka a hannunka ka sa safar roba, saboda wata bakteriyar ruwan kifi mai suna Mycobacterium marinum tana kama fatar mutum.

Sabon Mai Kiwo:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Soson ma da ruwan famfo na wanke shi ranar da na kawo su.

Tsohon Hannu:
To, ga inda aka haihu a ragaya. Kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe bakteriya masu amfani da ke soson, waɗanda ke rage amoniya da naitirait. Nan gaba ka matse shi a ruwan da ka ɗebo daga akwatin.