Na mayar da saitin suwic daga TFTP, amma VLAN ɗaya ya ɓace

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Yelwa, nan Bauchi, inda muke da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta kebul) guda biyu ƙirar Cisco Catalyst 2960. A makon jiya tsawa ta ƙona ɗaya, muka sayo irinsa na hannu. Da ma duk ƙarshen wata nakan kwafe saitin da umarnin copy running-config tftp: zuwa kwamfutar ofis mai manhajar Tftpd64, wadda ke karɓar fayil ta TFTP (hanya mai sauƙi ta tura fayil tsakanin na'urori), shi ya sa hankalina ya kwanta. Da na mayar da fayil ɗin, ramukan kebul duk sun koma yadda suke, sai dai sunayen VLAN (rukunonin da ake raba na'urorin da ke kan suwic zuwa cikinsu) sun ɓace, kuma VLAN 30 na kyamarori, wanda ke wucewa ta trunk (layin da ke ɗaukar VLAN da yawa tare) kawai, babu shi sam. A ina na yi kuskure?

Injiniya Jekadafari: Wa alaikumus salam, Malam. Kwafin da kuka ɗauka bai lalace ba, bai cika ba ne tun farko. Idan suwic yana kan yanayin VTP server (VTP tsari ne na Cisco na rarraba bayanan VLAN tsakanin suwic), wanda a kansa yake fitowa daga kamfani, bayanan VLAN daga 1 zuwa 1005 ba a cikin running-config, wato saitin da kuka kwafa, suke zama ba, suna cikin wani fayil dabam mai suna vlan.dat a cikin flash, wato ma'ajiyar suwic ɗin, kuma umarnin da kuka yi amfani da shi ba ya taɓa wannan fayil ko kaɗan. VLAN ɗin da kuka ga sun dawo babu suna, na'urar ce ta ƙirƙire su da kanta lokacin da ta karanta layin switchport access vlan, shi kuwa na kyamarori babu ramin da ya ambace shi haka, don haka ba ta san da shi ba.

Tunda tsohon ya ƙone, ku duba show vlan brief a ɗaya suwic ɗin, ku sake rubuta lambobi da sunaye da hannu. Nan gaba ku riƙa haɗawa da copy flash:vlan.dat tftp:. Ni dai a ƙaramin wuri mai suwic biyu na fi son vtp mode transparent, domin a nan VLAN suna bayyana a cikin saitin kansa, fayil guda ya wadatar.

Hajiya Mai Sabar: Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa copy tftp: running-config ba ya share abin da ya tarar, cakuɗa sabo da tsoho yake yi, kuma tunda na hannu kuka saya, ba mamaki akwai ragowar saitin mai shi na farko a ciki. Ya fi kyau a yi write erase don share tsohon saitin, a goge vlan.dat, a sake kunnawa, sannan a zuba naku.

Sai batun TFTP kansa. Yana aiki ta UDP 69 ba tare da kalmar sirri ko ɓoye bayani ba, alhali kalmomin sirri nau'i na 7 (salon ɓoyewa mai rauni na Cisco) da ke cikin fayil ɗin ɗalibi mai wayo zai warware su cikin daƙiƙa. A makaranta kuwa ba a rasa irinsu. Idan na'urar ta yarda, ku koma SCP, mai kwafe fayil da kalmar sirri da ɓoye bayani.

Ɗan Yelwa: Allah Ya saka da alheri, kyamarori sun dawo. Amma yanzu SSH, hanyar shiga suwic daga nesa, ya ƙi shiga, sai da kebul ɗin console da ake jonawa kai tsaye nake aiki.

Injiniya Jekadafari: Makullan RSA, waɗanda SSH ke buƙata don ɓoye bayani, su ma ba sa bin kwafin. Ku tabbatar da hostname da ip domain-name, ku yi crypto key generate rsa da tsawon 2048, sannan copy running-config startup-config kafin a ɗauke wuta.