Abin da aka tattauna kan fara wankin ƙoda ta ciki da ruwa kaɗan

Jama'a, na bi maganganunku kan ko mai ciwon ƙoda zai iya fara wankin da canjin ruwa kaɗan a rana, na tattaro su wuri guda.

1. Ga wanda bai sani ba: ana sa siririn bututu a ciki, a zuba ruwan magani, fatar da ta lulluɓe hanji ta tace dattin jini, bayan sa'o'i a zubar. Cikakken tsari yakan kai canji 4 a rana (wato zubar da tsohon ruwa a zuba sabo), kowanne wajen lita 2. Wanda ƙodarsa ke da sauran ƙarfi, likita na iya fara masa da 1 zuwa 3, a ƙara daga baya.

2. Kowa ya yarda sharaɗin fara wa da kaɗan shi ne majinyaci yana yin fitsari. A riƙa tara na awa 24 ana aunawa. Ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, a koma asibiti.

3. A guji diclofenac, ibuprofen da jiƙe-jiƙen gargajiya, suna iya ƙarasa ƙodar.

4. Tsafta ce aka fi nanatawa. Da hunturun Kaduna, a rufe taga, a kashe fanka, a wanke hannu kafin a taɓa bututun. Ruwan da ya fito ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan shinkafa, ga ciwon ciki, kada a kwana a gida.

Inda aka rabu: wasu sun ce rage ledojin ruwan maganin na sauƙaƙa kuɗi, tunda ruwan ba ko'ina ake samunsa ba. Wasu suka ce majinyaci kan saba da kaɗan ya ƙi ƙari. Ni dai na fi jin tsoron wannan na biyun. Masu zuwa asibitin Shika ko na Barau Dikko, ku tambayi likitan ƙoda tukuna.