Wai tsufa ne ko sinadarin namiji ne ya ƙare?

Baban Yara: Jama'a a taya ni ji. Shekarata 56, an kwana biyu gaba ba ta miƙewa yadda na saba, na je wajen likita na ce ya rubuta min allurar testosteron, wato sinadarin namiji, sai ya ɗebi jinina da sassafe ya dawo ya ce wai sinadarina lafiya lau yake, in je in kula da suga da hawan jini. Ina kukan wani abu yana min zancen wani. Kowa ya san tsufa ke cinye sinadarin namiji, nan matsalar take, likitocin nan dai wahalar da mutane suka iya.

Dattijon Arziki: Tsufa a 56? Haba ƙanena, ka daina zaginmu. Na ba ka shekara goma kuma har yau ban san wannan kukan ba.

Ɗan Autan Gida: Baba kowa haka yake faɗa a gaban jama'a ai 😂

Dattijon Arziki: Kai yaro ina wasa da kai ne?

Nas Mai Dare: Yaya likitanka bai cuce ka ba. Gaskiya ne testosteron na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara in namiji ya doshi 40, amma aikinsa ya fi ƙarfi wajen sha'awa. Miƙewa kuwa aikin jini ne, jijiyoyi su saki jini ya cika wurin, to suga da hawan jini da taba su ne ke lalata jijiyoyin nan, kuma da yake jijiyoyin gaban namiji sun fi na zuciya ƙanƙanta su ke fara toshewa, shi ya sa wani sai ya ga wannan matsalar shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Ita kanta Viagra, ƙwayar miƙewar gaba da ta fito a 1998, maganin ciwon ƙirji ake gwadawa aka gano ta, ba ta ƙara sinadari ko ɗigo.

Baban Yara: To ai sha'awar tana nan, jikin ne ke ƙi.

Nas Mai Dare: Ka ga ka amsa wa kanka ke nan. Allurar nan in mai lafiyayyen sinadari ya sha ta tana rage maniyyi tana kuma kaurara jini.

Malam Na Gefe: Ku tsaya tukuna, daga shekara nawa ake kiran mutum tsoho? Ni a wajena sai 70.

Ɗan Autan Gida: Daga ranar da ka fara cewa "wash" in za ka miƙe daga zaune, Malam.

Uwar Biyu: Akwai binciken da aka yi a Massachusetts ta Amurka, 1994, kashi 52 na maza 'yan 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan matsalar. Amma a nan kowa zaki ne, mu matan dai mun san abin da muka sani.

Dattijon Arziki: Hajiya wannan zancen maza ne fa.

Uwar Biyu: Wa ke kwana da matsalar, Alhaji?

Malam Na Gefe: Kuma Amurkawa aka auna ba mu ba.

Nas Mai Dare: Jijiyar jini ba ta da fasfo Malam. Yaya, wai ka bar tabar kuwa?

Baban Yara: Me ya kawo taba cikin wannan magana? Kullum sai kin sako min ita.

Dattijon Arziki: To tunda ni ne babba bari in taƙaita. An yarda 56 ba tsufa ba ne, an kuma yarda yaran yanzu ba su da kunya. Maganar jijiya da Nas ta kawo mun ji, ra'ayinta ne. Ƙanena ka nemi wani likitan. Ɗan Auta kuma ina jiran ban haƙuri.

Ɗan Autan Gida: Yaushe aka yarda Baba?