Saƙon da ke tarar mutum a bakin shiga: wa ya taɓa gyara nasa?

Mai kula da uwar garken makaranta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Satin da ya wuce na rufe uwar garkenmu (babbar kwamfutar da malamai ke shiga daga nesa) ta Ubuntu, wani nau'in Linux, don canza faifai. Na rubuta sanarwa a /etc/motd, fayil ɗin saƙon da ake nuna wa masu shiga, cewa aiki zai tsaya daga Azahar zuwa La'asar, amma malamai suka yi ta kirana suna cewa ba wanda ya faɗa musu. Ashe saƙon motd sai bayan mutum ya shiga yake gani, ni kuwa na riga na hana shiga. Abin ya dame ni, don wata malama na da makin ɗalibai da za ta ɗora a ranar. Ku ya kuke yi?

Tsohon injiniya: Wa'alaikumussalam ƙanina. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Ka ƙirƙiri fayil /etc/nologin, ka rubuta bayaninka a ciki. Muddin yana nan, duk wanda ba root (babban mai iko da na'urar) ba ne, za a mayar da shi, kuma za a nuna masa abin da ka rubuta. Ka gama aiki, ka goge shi. Kar ka manta da gogewar, wani yaro da muka yi aiki tare ya bar shi har wayewar gari, ofis duka suka kwana a waje.

Idan kuma saƙo kake so ya fito kafin a nemi kalmar sirri ta SSH (hanyar shiga na'ura daga nesa), sai layin Banner a sshd_config, fayil ɗin saitin SSH, ka nuna masa fayil kamar /etc/issue.net. Sai dai wannan kowa na gani, har mai laluɓen ƙofa da tsakar dare. Kar ka sa sunan na'urar ko nau'in manhajar da ke kai a ciki.

Mai ɗakin kwamfuta a kasuwa: Mu Windows muke da shi. Na sa gargaɗi ta secpol.msc (saitin tsaron Windows), wurin saƙon masu ƙoƙarin shiga, na rubuta dogon Turanci a kan kar a saka filashi ba izini. Wata uku ina zaune a bayansu ina kallo: ido na kan waya, yatsa na danna OK. Na share shi, na rubuta layi biyu da Hausa: "Filashinka sai an duba shi a teburin gaba. Abin da ka ajiye a nan ana goge shi da daddare." Daga ranar ne aka fara miƙo min filashi kafin a zauna.

Wata ma'aikaciya: Yaya injiniya, a ƙara da layin Last login, mai nuna lokacin da aka yi shigar ƙarshe da sunanka da kuma daga inda aka yi ta. Ni shi ya cece ni. Wata safiya na shiga, na ga an shiga da sunana ƙarfe 2 na dare daga adireshin da ban sani ba, alhali ina barci a gida. Nan take na canza kalmar sirri, na kai wa shugaban sashenmu rahoto. Shi ya sa ban yarda da .hushlogin (fayil ɗin da ke ɓoye saƙonnin shiga) ba, ko da saƙonnin sun yi yawa, domin yana ɗauke wannan layin ma.

Tsohon injiniya: Gaskiyarki, ƙanwata.

Ɗalibi mai koyo: Ranku ya daɗe, ni na sa gaisuwa da echo (umarnin fito da rubutu a allo) a cikin .bashrc, fayil ɗin da ke gudana idan an shiga, sai sftp, hanyar tura fayiloli, ya daina aiki yana cewa saƙon da ya karɓa ya yi tsawo. Kwana biyu ina nema kafin na gane gaisuwar ce ke shiga cikin hanyar fayiloli. Na mayar da ita motd, komai ya dawo.

Mai kula da uwar garken makaranta: Allah ya saka da alheri. Asabar mai zuwa akwai wani gyaran, tun Alhamis zan sa sanarwar a motd, ranar kuma in ajiye /etc/nologin da lokacin da za mu buɗe.